Taga Ɗaya Ce a Buɗe

Lahadi, 4 ga Mayu

Na cika akwatin maganin Baba. Durowa goma sha huɗu, jerin sama na safe, jerin ƙasa na yamma, kowace da farar ƙwaya ɗaya. Shi ya ƙera shi da guntayen katako shekara uku da suka wuce, bayan ciwon farfaɗiya ya kayar da shi a banɗaki. Umma tana fita wankin otal tun da asuba, shi kuma ko minti biyar da shan magani ka tambaye shi sai ya ce bai tuna ba. Shi ya sa aka ba ni. Ina miƙa masa, ina tsayawa har ya haɗiye, sannan in ja layi a bayan littafin Lissafi.

Tun da na karɓa bai sake faɗuwa ba. Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma wannan ya fi mini zuwa ta ɗaya a aji.

A kamfanin kujerun da yake aiki ba wanda ya san yana da ita. Shi ne a kan babban injin zarto.

Talata, 6 ga Mayu

Baba ya dawo yana ɗingishi. Ya leƙa ya ga Umma ba ta dawo ba, ya kira ni bayan kicin wajen famfo, ya kifa bokiti ya zauna, ya cire takalmin hagu. Ƙusa ce. Ta huda takalmin ta shiga tafin ƙafa. Ramin ɗan ƙarami, kamar bakin biro. Na wanke da ruwan gishiri, na sa aidin, na ɗaure.

Na ce ko za mu je asibiti. Ya ce in saurara da kyau. A wurinsu duk wanda ya ji ciwo a bakin aiki sai an tura shi wajen likitan kamfani, likitan kuma yana da takardar da ake cikewa, layin farko ma tambayar maganin da mutum yake sha kullum ce. In suka gani ba zai sake taɓa zarto ba. Shekara goma sha tara yana kansa. In kuma Umma ta ji, da hannunta za ta ja shi.

"Uwata, tsakanina da ke."

Na ce to. Ya ce ba to yake nema ba. Na ce na yi alkawari.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana haka. In ya faɗe shi da wannan muryar ban san yadda ake cewa a'a ba.

Alhamis, 8 ga Mayu

Malamar Bayoloji ta tambayi aikin hanta. Guda biyar na sani. Hannuna ya ƙi tashi daga kan tebur, kamar kullum. Rediyo, ƙawata mai surutu wadda muke benci ɗaya, ta miƙe ta ce aikin hanta a soya ta da albasa. Aka fashe da dariya, Malama ta fitar da ita rana. Da ta dawo ta zungure ni ta ce ni da na sani na yi shiru, ita da ba ta sani ba ta sha rana a madadina, wai in biya ta.

Gefen ciwon ya yi ja. Ya ce takalmi ne ke gogar wurin.

Asabar, 10 ga Mayu

Na wanke safa biyu a ɓoye, na shanya a bayan tankin ruwa.

Litinin, 12 ga Mayu

Kumburin ya kai idon sawu. In na ɗora yatsa sai wurin ya loɓa ya daɗe bai dawo ba. Kaluluwa ta fito masa, jikinsa kuma da zafi. Yana sayen farasitamol a hanya yana sha kafin Umma ta shigo.

Ya koma kwana a falo, wai ɗaki ya yi zafi. Ba ya cire safa, wai siminti ya yi sanyi. Umma ta yi dariya ta ce bawan Allah ɗaya, sama bazara, ƙasa hunturu. Ta gaji sosai, hannuwanta duk sun yi fari saboda sabulu, ko abinci a zaune take gyangyaɗi a kansa. Na so ta ƙara tambaya ɗaya. Ɗaya kawai. Ba ta ƙara ba.

Laraba, 14 ga Mayu

Da safe na miƙa masa kofi, ya kai hannu ya kama iska a gefensa. Ya sake, ya sake kuskurewa. Ya ce mu biyu yake gani, wacce daga cikinmu ce mai maganin. Shi ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Da yamma abokin aikinsa ya rako shi har ƙofa. Yana tangaɗi kamar wanda ya sauko daga lilo, harshensa ya yi nauyi. Ya ce musu zazzaɓi ne, ya ɗauki hutunsa na shekara, zai koma Litinin ashirin da shida ga wata. Wannan kam Umma ta gani da idonta. Ta ce farfaɗiyar ce za ta dawo. Ta buga wa Gwaggo, yayar Baba, ta ce ta zo.

Na ba shi ƙwayar yamma. Ɗaya. Na ja layi.

Juma'a, 16 ga Mayu

Asibiti. Lamba sittin da ɗaya aka ba mu. Kafin mu fito na ga ya haɗiye farasitamol biyu, ya sa safa mai kauri da tsohon takalminsa da ya yi masa yawa.

Likitan matashi ne, idonsa ja, yana rubutu yana magana. Ya haska wa Baba fitila a ido, ya ce ya bi layin tayal da ƙafa. Baba ya kauce har sai da Umma ta tare shi. Aka ɗebi jini, muka zauna har bayan azahar. Da takardar ta zo likitan ya ajiye biro. Ya ce ba ciwon ne ya dawo ba, maganin ne ya yi yawa a jininsa, ya wuce inda ya kamata da nisa. Wa ke ba shi?

Duk suka juyo. Gwaggo ta ce ga likitar gidan nan.

Ya tambaye ni ɗaya da safe ɗaya da yamma, na ɗaga kai. Ya ce na tabbata? Na sake ɗagawa. Muryata ta tafi inda take zuwa in Malama ta kira sunana. Sannan ya tambayi Baba ko akwai wani abu, zazzaɓi, wani ciwo, wani maganin da yake sha. Baba ya ce babu. Ya dube ni. Ni kuma na dubi kalandar da ke bango, mai hoton ƙoda.

Ya ce a tsallake na yau da na gobe da safe, sannan a ci gaba yadda aka saba, amma babba ya riƙa bayarwa. Mu dawo Alhamis. Bai yi faɗa ba. Ya ce yarinya ce, kayan ya yi mata nauyi. Da faɗan ya yi da ya fi.

A zauren karɓar magani taga huɗu ce, ɗaya kawai a buɗe, layi har bakin matakala. Matar nan mai tabarau da igiya a wuya ce a ciki. Shekara uku ina zuwa gabanta duk wata, ban taɓa ce mata komai ba sai na gode.

Asabar, 17 ga Mayu

Gwaggo ta ɗauke akwatin. Ta sa shi a jakarta mai kwaɗo, makullin a wuyanta.

An yanke ba zan je makaranta ba sai Baba ya miƙe. Umma ba ta da hutu, Gwaggo gwiwoyinta ba za su iya tare namiji in ya tafi faɗuwa ba, kuma, in ji ta, tunda ni na jawo. Jarrabawa saura sati uku. Ba wanda ya tuna, ni ma ban tuna musu ba.

Abin da ya fi ci mini rai Baba ne. Ya kira ni ya ce, "Ba komai, Uwata. Kowa yana kuskure." Da gaske yake. Shi ma ya yarda.

Lahadi, 18 ga Mayu

Ranar cika akwati, ba ni da akwati.

Na roƙi Gwaggo kwalbar, na zube ƙwayoyin a faranti na ƙirga sau huɗu. Daidai suke da layukana. Na nuna mata. Ta ce layi ai ko ita da ba ta yi boko ba za ta iya ja, kuma wa ya san nawa suka rage na watan jiya. Ta ce in daina wahalar da kaina, in je in ɗora ruwa.

Litinin, 19 ga Mayu

Yau ya fi. Ya kama kofi da kansa, ya karanta kanun jarida. Gwaggo tana ta cewa kun gani ko, kwana biyu kacal a hannun manya.

To ko dai na yi ɗin? Na zauna ina bin ranakun ɗaya bayan ɗaya. Akwai safiyar da madara ta tafaso ta zube ina tsaye da ƙwayar a hannu. Na ba shi kafin, ko bayan, ko duka biyun? Da na sani. Yanzu ban sani ba.

Ƙarfe bakwai da kwata 'yan makarantarmu suke wucewa ta ƙarƙashin tagar kicin. Farar safa, farar safa, farar safa. Na ja labule.

Rediyo ta kawo mini littattafanta in kwafa. Rubutunta kamar kaji sun yi dambe. Ta tsaya a ƙofa tana ba Gwaggo labarin duk malaman makaranta har Gwaggo ta manta tana fushi. A babin hanta Malama ta sa sun rubuta cewa yawancin magungunan da muke sha hanta ce take janye su daga jini, ta farfasa su, ta fitar. Na daɗe ina kallon layin. Na buɗe wannan littafin na duba: kumburi ranar sha biyu, tangaɗi ranar sha huɗu. Shekara uku ƙwaya ɗaya, ba abin da ya canza sai ƙafar.

Amma ina ƙafa ina hanta. Kada in zama mai neman wanda zan ɗora wa laifina.

Duk da haka na yagi takarda na rubuta wa Malama tambaya, ba suna, na ce wani mutum. Rediyo ta soke ta a safarta ta ce ita fa ba ta karanta wasiƙar mutane. Za ta karanta kafin ta sha kwanar layinmu.

Talata, 20 ga Mayu

Gwaggo ta ji wari ta ce ɓera ya mutu a falo. Ta sa na ja kabad, na ɗaga kujeru, na share bayan talabijin. Baba yana kwance yana kallon silin. Ina jan kabad ɗin da ya ƙera da hannunsa ina neman ɓeran da na san babu.

Sai ta yi barcin rana nake wanke ƙafar. Yau da na danna gefe mugunya ta fito, mai yawa, kuma wani jan layi ya fara hawa ƙwaurinsa. Na ce Baba don Allah. Ya ce saura kwana shida, in aka kwantar da shi hutun zai ƙare, sai an kai takardar asibiti, takardar kuma da hatimin sashen masu farfaɗiya za ta fito. Ya ce ai ga shi tana fitar da dattin, alamar warkewa ce. Ya ce ni kaɗai yake da ita.

Ƙofar gida a buɗe take wuni guda. Ban san me ya sa nake jin kamar an kulle ba.

Laraba, 21 ga Mayu

Tangaɗin ya dawo. Ya fi na wancan satin. Da rana ya yi amai, yana magana yana barci a tsakiyarta.

Bayan la'asar Gwaggo ta kira ni ɗaki ta tura ƙofa. Na ɗauka cewa za ta yi ina ba shi a ɓoye. Sai ta ciro makullin daga wuyanta, ta buɗe jakar ta ajiye akwatin a gabana. Ta ce in duba mata. Idonta ba ya gani sosai, ko ita ce take ɗauko biyu ba ta sani ba. Ban taɓa ganin Gwaggo da ƙaramar murya ba.

Na duba. Daidai take bayarwa. Na gaya mata.

"To mene ne ke cin ƙanena?"

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Sai Baba ya yi tari a falo.

Rediyo ta kawo amsar Malama, da jan biro: tambaya ce mai kyau, ba ta da cikakken sani, in tambayi masu haɗa magani a asibiti, aikinsu ne. A ƙasa ta ƙara, wane ne ba shi da lafiya? Rediyo ba ta yi surutu ba yau. Ta ce kawai, ke dai ki yi magana, ko sau ɗaya a rayuwarki.

Na sake kwafe tambayar da kyau a sabuwar takarda. Gobe Alhamis.

Alhamis, 22 ga Mayu

Zan rubuta yadda ya faru, a jere, kada in rage.

Umma ba ta samu fita daga aiki ba, ni da Gwaggo muka kai shi. Wani likitan muka tarar, ba na ranar ba. Ya karanta katin, ya sa a sake ɗibar jini, ya ce mu karɓo maganin amai mu jira sakamako. Minti uku. Na ƙirga a agogon bango. Takardar tana cikin tafin hannuna har ta jiƙe, ban miƙa ba.

Na zaunar da su a benci na shiga layin magani. Yau ma taga ɗaya. Mutum talatin da wani abu a gabana. Na yi ta ce wa kaina tambaya ce kawai, wani mutum na ce, ban karya komai ba. Na san ƙarya nake yi wa kaina.

Da na iso na tura katin, na tura takardar a ƙarƙashinsa. Mai Tabarau ta ɗauka za ta ajiye gefe, sai ta tsaya. Ta karanta. Abin da na rubuta shi ne: idan mutum yana shan maganin farfaɗiya daidai, sai ya sami ciwo a wani wuri ya kumbura yana mugunya da zazzaɓi, shin maganin zai iya yin yawa a jininsa ko da ba a ƙara masa ba?

Ta dubi sunan maganin a katin. Ta sauke tabarau ta dube ni, karo na farko a shekara uku.

"'Yan mata, wane ne mutumin?"

Na bayana yana cewa a yi sauri.

Na ce, "Babana ne. Ƙafarsa ta hagu. Kwana goma sha shida."

Da ƙarfi ya fito, har na bayana ya yi shiru.

Ta ja tagar ta rufe. Tagar guda ɗaya da ke buɗe. Layi ya ɗauki gunaguni, ba ta ko waiga ba. Ta fito ta ƙofar gefe ta ce in nuna mata shi. Ta durƙusa a gaban Baba da farar rigarta ta gaishe shi, sannan ta ce, "Baba, a taimaka a cire safar nan."

Bai dube ta ba. Ni ya duba. Ba zan rubuta yadda ya dube ni ba.

Gwaggo ce ta sunkuya da gwiwoyin nata ta cire. Da warin ya taso ta ce, "Ɓeran ke nan," a hankali, sai ta fara kuka ba sauti.

An kwantar da shi. Gado na tara.

Asabar, 24 ga Mayu

Sun tsaga tafin ƙafar sun wanke, sun yi masa allurar ƙusa, ana sa masa maganin ƙwayoyin cuta ta jijiya. Likita ya ce da an ƙara kwana uku da wata maganar ake yi. Farar ƙwayar kuma an rage ta, ana auna jininsa a kai a kai.

In na shiga sai ya juya fuska bango. Na ajiye masa ruwa, ya ce wa Gwaggo ta miƙo masa.

Umma ta yi mini faɗa a barandar asibiti, irin wanda ba ta taɓa yi ba. Kwana goma sha shida ina kallonta tana dariyar safa. Gaskiyarta ce. Da ta gama ta jawo kaina ta haɗa da kafaɗarta, tana warin sabulun otal, sannan ta shiga wajen Baba ta ja labule. Nasa faɗan ya fi nawa tsawo.

Na je zauren magani in ce na gode. Mai Tabarau tana cin abinci a bayan taga, ta ce in zagayo. Ta tambayi ajinmu, na faɗa. Ta ce to zan gane.

Ta nuna mini zauren da cokalinta. Ta ce in ɗauka mutanen layin nan ƙwayoyin magani ne a cikin jini, nan ciki kuma hanta. Hanta tana da 'yan ƙofofi a jikinta, wasu na shigo da magani daga jini, a ciki akwai ma'aikatan da ke farfasa shi, wasu ƙofofin kuma na fitar da shi ta ruwan maɗaciya ko su mayar wa ƙoda. In wani wuri a jiki ya kumbura, ko a ɗan yatsa ne, yana aika saƙo cikin jini cewa ana yaƙi. Hanta in ta ji sai ta kwashe ma'aikatanta ta mayar da su ƙera kayan yaƙin, ta rufe wasu ƙofofin.

"Ranar Alhamis ina sauran abokan aikina uku?"

Na ce ban sani ba. Ta ce an ja su sashen gaggawa. Ta ce mutanen da suka zo ranar ba su fi na kullum yawa ba, amma na ga inda layi ya kai.

Ta ce ba kowane magani ba ne, ba kuma kowane mutum ba, kuma har yanzu ana binciken abin. Amma ƙwaya ɗayar da na ba shi daidai ce. Tagogin ne suka ragu.

Na ce, "Anti, ke nan ban yi kuskure ba?"

Ta ce a ƙwaya ban yi ba. Ta ci gaba da cin abincinta. Ban tambayi a ina na yi ba.

Litinin, 26 ga Mayu

Yau ya kamata ya koma aiki. Umma ta kai takardar asibitin kamfani da kanta, da hatimin da komai.

Na koma makaranta. Rediyo ta share mini benci da gyalenta, wai ƙura ta yi gida a wurina.

Alhamis, 29 ga Mayu

An cire shi daga zarto. Ba a kore shi ba, an mayar da shi wajen goge katako da shafa fenti, inda sababbi suke farawa. Umma ta ce manajan ya fi jin haushin ɓoyewar a kan ciwon. Ta gaya wa Baba a gabana. Ya ce to. Ya dubi hannuwansa ya daɗe.

Ni na yi wannan. Ba na so in rubuta shi ta wata hanyar da za ta fi daɗi.

Lahadi, 1 ga Yuni

An sallamo shi jiya. Gwaggo za ta tafi gobe. Ta shigo kicin ina yanka albasa, ta dire akwatin a kan tebur ta ce ya cika mata jaka, ba ta da wurin sa kayanta. Ta cire makullin daga wuya. A bakin ƙofa ta ce, "Likita, a riƙa duba mana shi." Wannan karon ba irin waccan muryar ba ce.

Kumburin yana sauka, don haka an fara mayar da ƙwayar yadda take a hankali. Mai Tabarau ta rubuta mini a takarda, ranar kaza rabi, ranar kaza ɗaya, ranar kaza a dawo a auna jini. Tagogin suna buɗewa, in ji ta, kada layi ya zo ya yi gajere kuma.

Yana karɓa daga hannuna. Yana cewa na gode, kamar ni a gaban taga. Ke yake ce mini, ba Uwata ba.

Laraba, 11 ga Yuni

Jarrabawar Bayoloji. Hanta ba ta fito ba ko sau ɗaya. Ƙoda ce.

Lahadi, 15 ga Yuni

Ina cika akwati a bayan kicin ya fito yana takawa a hankali, ya kifa bokitin nan ya zauna. Farcensa duk fenti. Ya ɗauki durowa ɗaya ya juya ta, ya ce wannan ta fara sakwarkwacewa, zai sa mata gam. Umma tana ɗaki tana guga, yau hutunta.

"Uwata."

Sati uku da kwana uku rabonsa da kirana haka. Ban ɗaga kai ba, kada ya ga fuskata.

Ya rage murya ya ce akwai wata 'yar magana, tsakaninsa da ni.

Na ce, "Baba, in wadda Umma ba za ta ji ba ce, kada ka gaya mini."

Ban shirya shi ba. Ina riƙe da ƙwayar safiyar Laraba a hannu. Ya dube ni har na ji famfo yana ɗiga. Na ɗauka zai tashi ya shige, a koma wani sati ukun. Sai ya shafa gemu ya ce mahaifiyarsa ma haka take, ba ta da daɗin sha'ani. Ya ce to in kira ta.

Maganar ita ce, gefen ɗinkin da aka yi masa a ƙafa ne yake ɗan tsattsafo da ruwa tun shekaranjiya. Gobe za su je asibiti da Umma kafin ya wuce aiki.

Ba wani abu ba ne, magana ce ta fito kawai. Ina jin muryata ta yi rawa. Ko ba ta yi ba, ban lura ba. Na sa ta Laraba a durowarta, na ci gaba da ta Alhamis.